Daga Akumari Zuwa Bushin: Tarihin Gargadar Hanya da Ƙafar Mota a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo

1. Gabatarwa

Masana tarihin ƙasar Sakkwato sun yi rubuce-rubuce masu yawan gaske a kan sarauta da malanta da yaƙe-yaƙen ƙarni na goma sha tara, amma sha'anin sufuri bai sami rabon da ya cancanta ba, balle a yi maganar kayan ƙarfen da sufurin zamani ya dogara a kansu. Manufar wannan takarda ita ce ta ɗauki wani ɗan ƙaramin abu daga cikin kayan mota, watau abin nan da kanikawa ke kira bushin, ta bi asalinsa da ire-irensa, musamman yadda aka sarrafa shi a motocin tsere, sa'an nan ta gwada abin da ya haɗa shi da tarihin hanyoyin gabashin Sakkwato. Mai yiwuwa ne wasu daga cikin mahalarta wannan taro su ga kamar an tsallake manyan al'amura an kama ƙaramin abu. Amsar ita ce, buhun albasar da aka ɗauko daga fadamar Goronyo ba ya isa kasuwa sai motar da ta ɗauko shi ta isa, mota kuwa ba ta isa sai ƙafarta ta jure wa hanya.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, bushin wani ɗan zobe ne mai kauri, mai rami a tsakiya, wanda ake cusawa a duk mahaɗar da ƙarfe biyu za su haɗu su riƙa motsi: idon sifirin, da kan shakazoba, da gindin hannuwan ƙarfen da ke riƙe taya da jikin mota. Aikinsa shi ne ya bar mahaɗar ta motsa ta fuskar da ake so, ya hana ta motsi ta fuskar da ba a so, ya kuma shanye girgizar hanya kafin ta kai ga shasi. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara. Gammon da ɗan dako ke naɗawa a ka, da akumarin da ake ɗora wa jaki kafin a aza mangala, duk aiki ɗaya suke yi da bushin, watau shiga tsakanin nauyi da mai ɗaukarsa.

2. Hanya kafin zuwan mota

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi wajen shekarar 1830, a kan tudun da ke kallon fadamar gulbin Rima, domin tsare wannan sashe daga hare-haren Gobirawa. A can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Da yake wasu daga cikin waɗanda suka gaje shi, kamar Aliyu Babba da Abdurrahman, sun fi zama a Wurno bisa ga Sakkwato, sai hanyar da ke tsakanin garuruwan biyu ta zama ɗaya daga cikin hanyoyi mafiya cunkoso a daular. Manzannin sarakunan gabas, da masu kawo gaisuwa, da fatake, duk ta nan suke bi. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka Wurno a 1853, bayan ya ratsa dajin Gundumi a tafiyar da ta ɗauki kusan yini da kwana ba a yada zango ba, don tsoron mahara da rashin ruwa. A 1885 kuma Joseph Thomson ya zo Wurno neman yarjejeniyar ciniki a madadin kamfanin Turawan Ingila wanda daga baya ya zama kamfanin Neja.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan zirga-zirga an yi ta ne ba tare da ƙafar keke ko ta amalanke ba. Doki da raƙumi da jaki da takarkari da kan ɗan Adam, su ne motocin wancan zamani. Dabba kuwa tana tafe da maganin gargada a jikinta, domin gwiwa da agara suna lanƙwasawa su miƙe a kowane taku, kuma idonta na zaɓar inda za ta sa ƙafa. Saboda haka babu wanda ya damu da shimfiɗar hanya ko santsinta. Abin da madugu ke tambaya shi ne ina rijiya, ina mashigi, ina zango mai aminci. Ƙasar kuma iri uku ce a cuɗe: jigawa mai rairayi, da tudu mai marmara da tsakuwa, da fadama mai baƙar laka wadda ke tsagewa da rani ta zama taɓo da damina. Jaki yana ratsa dukkansu da akumari ɗaya, amma kowace ɗaya daga cikinsu na da irin cutar da take yi wa mota.

3. Mota ta shigo

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, reshenta kuma da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Bai ƙarasa Sakkwato ba. Wannan al'amari shi ne ginshiƙin tarihin sufurin wannan yanki, domin ya nuna cewa gyaɗa da auduga da fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna a kasuwannin Turai, dole ne a ɗauke su a bayan dabba ko a bayan babbar mota har zuwa bakin dogo. Mutanen Kano da Zariya sun shiga zamanin inji ta hanyar jirgi, mutanen Wurno da Rabah da Goronyo kuwa ta hanyar mota suka shige shi.

Hanyoyin da suka haɗa gundumomi da hedikwatar lardi suna hannun En'e ne, hakimai kuma su ne ke tara talakawa don share su da cike ramuka bayan ɗaukewar ruwa. Da yawansu hanyoyin rani ne kawai, da damina sai a rufe su ko su rufe kansu. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wadda ya riƙe hakimcinta daga 1934 zuwa 1938, ba ta wuce kimanin mil 20 daga Sakkwato ba, amma gulbi da fadama sun sa nisan damina ya bambanta ƙwarai da nisan rani.

Hanyar burji tana da wata ɗabi'a da ya kamata a tsaya a kanta. Idan motoci suka yawaita bin hanyar da aka shimfiɗa da marmara, sai fuskarta ta yi kunya-kunya a gicciye kamar gonar da aka yi wa huɗa, tazarar da ke tsakanin kunya da kunya kusan daidai wa daida. Ita ce gargadar da direbobi ke kuka da ita. Taya na tsalle daga wannan tudu zuwa wancan sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kowane tsalle sai ya bi ta mahaɗar sifirin. Direbobi sun daɗe da gano cewa in aka ƙara wuta motar takan yi kamar tana shawagi a kan kunyoyin, jijjigar da fasinja ke ji ta ragu. Sai dai sauƙin na fasinja ne, ƙafar motar ba ta huta ba, kuma riƙon da taya ke yi wa ƙasa ya ragu ƙwarai.

Manyan motocin da suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, irin su Bedford, da kuma Mercedes 911 daga baya, da Land Rover wadda aka fara ƙerawa a 1948 ta zama motar Di'o da malaman gona da na dabbobi, duk a kan sifirin mai falle-falle suke tsaye. Wannan sifirin ya girmi mota, domin tun 1804 Obadiah Elliott ya yi rajistar irinsa a Landan don keken doki. Kowane ƙarshensa yana da ido, a cikin idon kuma akwai bushin da ƙusar da ta ratsa shi.

4. Ire-iren bushin da asalinsu

Na farko a tarihi shi ne bushin ƙarfe, galibi na tagulla. Ƙusa tana juyawa a cikinsa, saboda haka dole a riƙa ɗura masa giris ta wani ɗan hanci da aka yi dominsa. Yana da ƙarfin ɗaukar nauyi, shi ya sa bai ɓace daga manyan motoci ba. Aibinsa a ƙasa irin tamu a fili yake: in ƙurar hunturu da rairayi suka cuɗanya da giris, sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye tagullar su kuma cinye ƙusar. Wannan ne dalilin da ya sa ɗura giris ya zama darasin farko na yaron mota a kowace tasha, domin sabon giris yana tunkuɗo tsohon waje tare da dattinsa.

Na biyu shi ne bushin roba. Ba a iya amfani da danƙo a inji ba sai da Charles Goodyear na Amurka ya gano, a 1839, yadda ake dafa shi da farar wuta har ya daina narkewa da zafi ko sandarewa da sanyi. Wajen ƙarshen shekarun 1920 wani injiniya ɗan Beljiyam, Léon Thiry, ya fito da dabarar matse roba da ƙarfi a tsakanin bututun ƙarfe biyu, ƙarami a cikin babba, abin da aka sayar da sunan Silentbloc. Kamfanin Metalastik, wanda aka kafa a Ingila a 1937, ya bi wata hanyar dabam, ya manne robar da ƙarfen tun wajen dafawa. Hikimar duka biyun ɗaya ce, kuma sau da yawa ba a fahimtarta sosai. A cikin irin wannan bushin babu abin da ke zamewa a kan wani. Bututun waje yana daskare a idon sifirin, na ciki yana ɗaure da ƙusa, robar da ke tsakani ita ce ke murɗewa ta dawo. Tun da babu guga, babu bukatar giris, babu kuma ƙofar da ƙura za ta shiga. Ga hanyar Goronyo babu wata kyauta da ta fi wannan.

To amma roba na da magabta uku, kuma duk ukun suna nan a wadace a ƙasarmu. Akwai zafi, wanda ke busar da ita har ta tsattsage. Akwai baƙin mai, wanda in ya ɗiga daga inji ya jiƙa ta sai ta kumbura ta yi laushi ta saki ƙarfen. Akwai kuma lodin da ya wuce kima, wanda ke danne ta gefe guda har ramin ya goce daga tsakiya.

Masu ƙera motocin tsere su ma suna da ƙorafi a kan roba, amma ta wata fuskar. A wurinsu laushinta shi ne laifinta. Idan mota ta shiga kwana da gudu, ƙarfin da ke tura ta gefe yana danne bushin, sai taya ta ɗan karkace daga inda injiniya ya tsayar da ita. Karkatar ba ta da yawa, amma a gudun tsere ta isa ta sa direba ya murɗa sitiyari motar ta yi jinkirin amsawa, ko gindinta ya kufce. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Wasu suka ce a kawar da laushin ɗungum. Su ne suka koma ga mahaɗar ƙwallo, watau ƙwallon ƙarfe mai rami wanda ke juyawa cikin gurbinsa a ƙarshen sanda. Daga jiragen saman Yaƙin Duniya na Biyu aka aro ta, kuma har yanzu Amurkawa na kiranta da sunan kamfanin Heim, Ingilishi kuwa da sunan kamfanin Rose. Ba ta lotsawa ko kaɗan, direba yana jin kowace tsakuwa a tafin hannunsa. Kusa da ita akwai bushin da ake sassaƙawa daga daskararriyar roba irin nailan, ko Delrin da kamfanin DuPont ya fitar kasuwa a 1960, ko ma daga gorar ruwa tsantsa. Duk waɗannan na filin tsere ne mai santsi, inda ake kwance mota a duba ta bayan kowace gasa. Tsakanin su da roba sai aka sami matsakaici, watau foliyuritan, sinadarin da Otto Bayer ya haɗa a Jamus a 1937. Ya fi roba tauri, baƙin mai ba ya cin sa, ana kuma iya zuba shi a kowane mataki na tauri da ake so, abin da ya sa masu sha'awar gyaran motocin gudu suka rungume shi. Sai dai akwai abin da masu tallarsa ba su cika faɗa ba. Galibin bushin foliyuritan ba ya murɗewa kamar roba, juyawa yake yi a kan bututun ciki, watau an koma gidan jiya: sai da giris, in giris ya bushe ya kama kuka, in ƙura ta shiga ta ci shi.

Wasu kuwa suka ce a bar laushin, amma a sa shi aiki. Wannan hanya ita ce ta fi burge mai wannan takarda. Jaguar E-Type ta 1961 ta ɗora ƙafafunta na baya gaba ɗaya a kan wani keji na ƙarfe, aka rataya kejin a jikin mota da robobin Metalastik, don a sami daidaiton taya ba tare da ƙara da girgiza sun shiga ɗakin direba ba. Porsche 928 ta 1977 ta wuce nan. An lura cewa in direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, tayar baya takan ja da baya, bushin ya lotsa, bakin tayar ya buɗe waje, gindin mota ya nemi wuce gabanta. Injiniyoyin Porsche suka sake tsarin mahaɗar ta yadda wannan jan da kansa zai karkato bakin tayar ciki maimakon waje, suka sa wa tsarin sunan Weissach, garin da cibiyar bincikensu take. Mercedes 190 ta 1982 ta zo da hannuwa biyar a kowace tayar baya, kowane hannu da bushinsa da aka auna taurinsa. Daga wannan tunani ne aka sami bushin mai ramuka a jikin robarsa, mai laushi gaba da baya amma mai tauri ta gefe, da kuma wanda ake cika cikinsa da ruwa na musamman, ruwan ya riƙa bi ta ƙaramar kafa daga wannan aljihu zuwa wancan yana kashe girgiza. Na ƙarshen nan yana cikin motocin alfarma da yawa da ake shigowa da su yanzu, in ya fashe kuwa ba ya gyaruwa sai sauyi.

5. Inda tsere ya haɗu da hanyar karkara

Za a iya tambaya, ina ruwan mutumin Acida ko Gandi da wannan duka? Ruwansa shi ne, akwai wani reshe na tseren motoci wanda ba a fili mai santsi ake yinsa ba, a kan burji da rairayi da taɓon Afirka ake yinsa, kuma motar da ta yi fice a cikinsa ita ce ta zama motar hayarsa. A gasar Safari ta Afirka ta Gabas, Peugeot 404 ta yi nasara a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A ta 1963 motoci bakwai kacal suka kai ƙarshe. Peugeot 504 ta ci gasar a 1975, ta kuma ci a 1978 da samfurinta mai ƙofa biyu da babban inji, inda ta bar Porsche 911 a matsayi na biyu. A 1974 an yi wata doguwar gasa daga Landan zuwa Munik wadda ta ratsa Sahara ta sauko har Kano, Citroën DS ta zo ta ɗaya, motocin 504 suka biyo bayanta. Gasar Faris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978, ta bi ta Agadas da Yamai a karonta na farko. Ita kanta Porsche ba ta taɓa cin Safari ba, kuma nasarorinta na Dakar a 1984 da 1986 sun zo ne da motocin da aka ɗaga aka sake musu ƙafafu. A nan gida ma an sha haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi na Argungu.

Darasin da waɗannan gasa suka bayar ya saɓa wa na filin tsere. A kan gargada, ƙafar da ke da doguwar tafiya sama da ƙasa, mai laushi, mai sauƙin gyara, ita ce ke kai labari. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika aljihun ma'aikata, kuma shekara guda kafin a ƙirƙiro Jihar Sakkwato da sababbin ƙananan hukumomi a 1976, waɗanda kowaccensu ke bukatar motocin aiki. Fijo, kamar yadda jama'a ke kiranta, ta zo iri uku. Doguwar ta fasinja tana da aksil guda a baya wanda ke zaune kan sifirin huɗu masu naɗi, a-kori-kurar tana da sifirin mai falle, dukkansu kuma mahaɗansu na roba ne da ƙarfe, irin waɗanda kanike zai fitar da guduma da guntun bututu a gindin bishiya. An daina ƙera 504 a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da ita har tsakiyar shekarun 2000.

6. Madatsar ruwa, faɗuwar naira da tsohuwar taya

An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, aka buɗe ta a 1992, tana iya riƙe ruwa kimanin mita miliyan 942 na murabba'in sukari. Ita da aikin noman rani na Wurno sun ƙara yawan shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwar da ke fita daga kwarin Rima. An shimfiɗa kwalta a babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi Acida da Goronyo zuwa Sabon Birni da Isa, amma gona ba a bakin kwalta take ba. Tsakanin fadama da titi akwai tazarar da a-kori-kura ce kaɗai ke shiga, tana ɗauke da abin da ya zarce ƙa'idar masu ƙera ta nesa ba kusa ba. Kanikawa suka amsa da ƙara falle a sifirin. Motar ta daina durƙusawa, amma sifirin da ya sandare ba ya shanye bugu, sai ya miƙa shi ga bushin da maratayin sifirin da shasi, waɗanda ba a ƙara musu komai ba.

Abin takaicin shi ne lodi ya ƙaru a daidai lokacin da kayan gyara na asali suka fi ƙarfin mai mota. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ɗan kasuwa matsakaici, aka koma ga tsofaffin motoci da kayan gyaran da ake kira na Beljiyam. A nan akwai wani abu da ya kamata a bambance. Ƙarfen da ya yi shekara goma a Turai yana iya zuwa da sauran ƙarfinsa, amma roba tana tsufa ko ana amfani da ita ko ba a yi. Wanda ya sayi hannun taya na Beljiyam ya sayi ƙarfe mai kyau da bushin da ya riga ya ci rabin kwanansa. Sababbin da ke cika kasuwa kuma, daga masana'antun Nnewi da na Asiya, akwai nagari akwai na banza, ido kuwa ba ya rarrabe su, domin ingancin yana cikin haɗin robar da mannuwarta da ƙarfe. Nijeriya ƙasa ce mai noman danƙo a yankin Binin da Sapele, amma manyan masana'antun taya guda biyu, Michelin a Fatakwal da Dunlop a Ikeja, sun daina aiki a 2007 da 2008, ilmin haɗa roba mai inganci ya ƙara nisa da mu.

Cikin wannan hali ne wata sana'a ta bunƙasa a garejojin Afirka ta Yamma, watau yanka bushin daga tsohuwar tayar babbar mota. Ana zaɓar wuri mai kauri, a yanko shi da wuƙa, a huda tsakiya, a fere shi daidai idon da za a cusa. Bai kamata a yi wa wannan sana'a dariya ba. Robar taya an haɗa ta ne don ta jure zafi da guga, kuma a kan shakazoba ko maratayin sifirin mai falle tana iya fin jabun kanti daɗewa. Inda take da haɗari shi ne a hannuwan tayar gaba na motocin zamani, waɗanda aka auna taurin kowane bushin nasu ta fuska-fuska kamar yadda aka bayyana a baya. A can guntun taya ba ya manne da ƙarfe, ba ya riƙe saitin taya, sakamakon kuwa shi ne taya ta cinye ta gefe guda, mota ta riƙa ja gefe in an taka birki. Haka nan foliyuritan mai tauri da wasu matasa ke sha'awa don sun ga ana yayinsa a intanet: a kan gargada bugun da bai shanye ba yana komawa ga walda da kunnuwan shasi, su kuwa sun fi bushin tsada.

Ambaliyar 2010, wadda ta mamaye ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno ta kuma yanke hanyoyi da gadoji, ta mayar da wasu wurare halin hanyar rani ta zamanin En'e. Bayanta sai matsalar tsaro ta zo, kamar harin da aka kai yankin Gandi na Rabah a 2018 da na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021. Wannan ya sauya ma'anar lalacewar mota a hanya. A da direban da ƙusar sifirinsa ta karye yakan kwana a wurin, yaronsa ya tafi gari neman kanike. Direban da ke tsoron tsayawa kuwa gudu yake yi a inda ya kamata ya lallaɓa, gudun kuma yana ƙara cin ƙafar motar. Kuɗin gyara da na kasada duk suna shiga cikin kuɗin ɗaukar buhu, dillali kuma yana cire su daga farashin da zai ba manomi.

Akwai wata ƙa'ida ta aiki wadda littattafan gyara na kamfanonin mota suka daɗe suna nanatawa, wadda kuma ya dace makarantun koyon sana'a na jihar nan su sa ta gaba, tun da ba ta bukatar ko kwabo. Da yake bushin roba murɗewa yake yi ba juyawa ba, ba a ƙarasa ɗaure ƙusarsa alhali mota tana kan jak ƙafafunta na reto. In aka yi haka, da zarar an sauke ta robar za ta zauna a murɗe tun kafin a yi tafiyar taku ɗaya, ramin farko da aka faɗa kuma ya kai ta iyakar da za ta yage. Sai an sauke mota ta zauna a kan tayoyinta, an girgiza ta ta daidaita, sa'an nan kanike ya shiga ƙarƙashi ya ƙarasa ɗaurin.